Kududdufin Kawu da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Na san abin da ka saba gani a wannan mujalla tamu shi ne waƙa da tatsuniya da nazarin harshe. To yau ka yi mini aikin gafara, lissafi zan shigo maka da shi. Ni ɗalibin sashen lissafi ne, kuma labarin wata kunya zan ba ka wadda na sha a hutun da ya wuce.

A bayan gidan kawuna akwai wani kududdufi, irin wanda aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa tun zamanin kakanni. Kowace damina sai ya cika ya zama gidan sauro. Da ya ƙafe da rani, Kawu ya ƙudura zai cike shi da jar ƙasa ya yi turken shanu. Ya kira ni ya ce, "Kai da kake jami'a, sawun tifa nawa ramin nan zai ci? Faɗa mini in san buhun masara nawa zan sayar."

Na ɗauki igiya da gora na auna. Tsawo mita 20, faɗi mita 10. Zurfi kuwa mita 1 ne a gefen gida, yana ta gangarawa a hankali har ya kai mita 3 a can ƙarshe. Tifar da aka yi ciniki da ita tana ɗaukar kubik 10 a kowane sawu.

Gaskiya ɗaya ce, wannan lissafi a bayan ambulan ma sai a yi shi. Amma son burga ya hana ni. An koya mana abin da malaman lissafi ke kira intigiral mai hawa biyu, watau hanyar gano abin da rami ko tudu ya ƙunsa ta yanyanka shi. Ka ɗauka burodi ne: ka yanka shi fale-fale, ka gano girman fuskar kowane yanki, wannan hawa ɗaya ke nan. Sa'an nan ka tara yankunan gaba ɗaya, hawa na biyu ke nan. Wani Ba'italiye mai suna Guido Fubini ya tabbatar a 1907 cewa, in an cika wasu sharuɗɗa, ko ta tsawo ka yanka ko ta faɗi, amsa ɗaya za ka samu.

Na buɗe 'yar kwamfutata a zaure, yara sun kewaye ni. A makaranta da MATLAB muka saba, amma na kuɗi ne, don haka a gida Python nake amfani da shi, da kunshinsa na SciPy wanda yake kyauta. A ciki akwai wani umurni, dblquad, wanda aikinsa ke nan. Na sa wa tsawo harafin x, faɗi kuma y, na rubuta ƙa'idar zurfi, na danna. Kafin ƙiftawa da bismilla ta ce 300. Har wa yau ta ƙara da ƙiyasin kuskurenta, wanda sai ka ƙirga sifili 11 bayan ɗigo kafin ka ga wata lamba. Wa zai ja da wannan? Na ce wa Kawu sawu 30.

Direban tifa, wani dattijo mai furfura, ya taka ramin ya dawo ya ce, "Alhaji, wannan ba zai kasa cin 40 ba, ban da abin da zai zauna in ruwa ya dake shi." Kawu ya yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo. Ya sayar da masarar sawu 30 cif.

Aka zuba 30, ƙarshen rami yana nan baki buɗe. Nan fa magana ta ɓaci. Kawu ya ce direba ba ya cika mota, direba ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a taɓa kiransa macuci ba. Ni ina tsaye, jikina ya yi sanyi.

Daren nan na ɗauki fensir. Matsakaicin zurfi mita 2, sau 20, sau 10, ya tashi 400. Sai na koma ga bayanin umurnin, wanda da can ban karanta ba. Ashe dblquad yana son a sa y a gaba, x a baya, sabanin yadda hannuna ya saba a MATLAB. Na'urar ta ɗauki faɗi a matsayin tsawo, ta gangarar da ramin mita 10 kawai, ta tsaya a zurfin mita 2. Ramin da ta auna babu shi a bayan gidan Kawu, amma ta auna shi daidai ƙwarai.

Wannan ya sa na bincika yadda take aikin. Na'urar ba ta warware ƙa'ida yadda ɗalibi yake yi a takarda. Gora take tsomawa, kamar ni. SciPy ya gaji hanyarsa daga wani tsohon kunshi na Fortran mai suna QUADPACK, wanda littafinsa ya fito a 1983. A kowane layi tana tsoma gora wuri 21, sa'an nan ta sake lissafi da 10 daga cikinsu, ta gwama amsoshin biyu. In sun yi nesa da juna sai ta raba layin biyu ta sake. Daga wannan gwamawa ƙiyasin kuskuren yake fitowa, watau ta gwada kanta da kanta ne. Ba ta da hanyar sanin ko tambayar da ka ba ta ita ce ke zuciyarka. Daɗin daɗawa, da akwai wata tsohuwar rijiya ƙunƙuntacciya a tsakanin wuraren da ta tsoma gora, tana iya wuce ta, ta kuma ce maka kuskurenta bai taka kara ya karya ba.

Hawa biyu, 21 sau 21, tsomawa 441 ke nan. Hawa uku 9,261. In hawa ya yi yawa abin ya fi ƙarfin wannan hanya, shi ya sa masana ke komawa ga dabarar Monte Carlo da aka ƙago a Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940, inda ake tsoma gora barkatai a ɗauki matsakaici. Ita kuma tsadarta, in kana son kuskure ya ragu sau 10, sai ka ninka tsomawa sau 100.

Da asuba bayan salla na sami Kawu na gaya masa laifin nawa ne. Bai ce uffan ba, ya dai aike ni in kira direba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya dube ni, ya dubi jakar kwamfutar da ke kafaɗata, ya ce, "Ɗana, ita ma ka gaya mata na yafe mata." Kawu ya ƙara sayar da masara a lokacin da bai so ba. Ramin ya ci 40, bayan ruwan farko kuma aka ƙara 4.