Kafin ku biya kuɗin i7, ku tambayi shekarunsa

 Tun ranar da muka taɓo zancen kwamfuta a shirin matasa saƙonni ba su yanke ba, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: na tara ƴan jikkunana, zan buɗe wurin buga takardu ko gidan wasa, wane furosesa zan saya? Mu ma a gidan rediyo da kwamfutar tebur muke yanka murya muna haɗa shiri, kuma da kuɗi ƙalilan muka saye ta, don haka ga abin da muka sani.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Mai shago zai ce muku "wannan i7 ne", kamar an gama magana. Ba a gama ba. Ku duba lambar da ke bin sunan. Core i7-3770 ya fito a 2012, zuciya 4 gare shi. Core i5-8500 ya fito a 2018, zuciya 6, kuma ya fi shi sauri duk da sunansa i5. Lambar farko ita ce tsara: 3770 tsara ta 3, 8500 ta 8. In lambobin biyar ne, kamar 10400 ko 12100, sai a ɗauki biyun farko. Me ya sa muka nace a kan tsara ta 8? Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga tsara ta 8 yake karɓar irin waɗannan furosesoshin na Intel. Wanda ya sayi tsohon i7 yau, tsohon raƙumi ya saya da sabon akala.

To amma abin da ya fi damunmu shi ne kuran. Bidiyoyin da matasa ke kallo a YouTube, mutanen Faransa da Amurka ne ke yinsu, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma ɗaki da sanyi. A Arlit wutarmu daga gawayin SONICHAR take zuwa, kowa kuma ya san yadda take yi lokacin zafi. A Tchibarakaten kuwa, tun da aka gano zinariya a 2014 garin ya tsiro tsakiyar sahara, sai gurup ko fanon rana da batir. Kowane wat kuɗi ne: ko litar mai da aka ɗauko daga nesa, ko batirin da zai mutu kafin lokacinsa.

Ku lissafa tare da mu. i5-8500 an rubuta masa wat 65. Ƙanensa i5-8500T, mai harafin T a ƙarshe, wat 35. Shi ake samu cikin ƙananan akwatunan nan na okaziyo da suka fito daga ofisoshin Turai, irin HP EliteDesk Mini, Dell OptiPlex Micro da Lenovo ThinkCentre Tiny, waɗanda ba su wuce littafin lekol girma ba. Irin wannan da allonsa, in ya yi aikin awa 8, abin da zai ci bai fi rabin kilowat ba. Kwamfutar wasa mai katin hoto RTX 3060 kuwa, katin kaɗai wat 170 ne. Haɗa da furosesa da allo ka doshi 300, awa 8 ka haura kilowat 2. Ninki huɗu ke nan, kullum. Ga mai Word da Excel, mai zuba waƙoƙi a katin waya, ko mu masu Audacity, ƙaramin ya isa har da saura. Ragowar kuɗin ku sa a RAM giga 8 ko 16 da SSD; wallahi a nan ake jin sauri fiye da a sunan furosesa. SSD ɗin ma ba ya da abin da ke juyawa ciki, ya fi jure girgizar Hilux a hanyar daji.

Masu son gidan wasa, ba mu manta da ku ba. In za ku haɗa sabuwa, Ryzen 5 5600G na AMD, na 2021, zuciya 6, wat 65, da sashen hotonsa a ciki. Yana ɗaukar PES da GTA V in ba ku ƙure kyan hoton ba, ba tare da katin hoto daban ba. Amma a kula da haruffa. Ryzen 5 5600 da ba G, da Intel mai F a ƙarshe kamar i3-12100F, ba su da hoto a ciki. Masu F ɗin sun fi araha, shi ya sa suke jan ido, sai ka kai gida ka kunna allo baƙi ƙirin, kuma katin da zai cece ka yana Agadez ko Kano.

Sai ƙura. Furosesa in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai mutum ya ce an yi masa sammu ko birus ya shiga. Fanka ce ta toshe. A buɗe akwatin a hure shi a kai a kai, a sauya man nan mai toka-toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, a ɗaga na'urar daga ƙasa.

Ranar saye kada ku yarda da takardar da aka manna a jiki. Ku ce a kunna, ku shiga bayanin tsarin na'urar ku karanta cikakkiyar lambar da idonku, ku bar ta ta yi aiki rabin awa ku ji ko fankar na kuka. In lambar ta ruɗe ku, ku ɗauki hotonta ku turo mana nan ƙasa kafin ku miƙa kuɗin.