Masaukin baƙi a bakin tafki: a fara duba Yama da Dandaji

Ƙasar Nijar ba ta da teku. A ƙasashen gaɓa, irin su Senegal da Gambiya, ana gina wa baƙi masu yawon buɗe ido unguwa guda a bakin ruwa. A jahar Tawa kuwa, bakin ruwa shi ne tafki da madatsa. Akwai madatsun Muzage da Zango a kan gulbin Majiya, waɗanda ke shayar da gonakin rani na Birnin Ƙonni. Akwai kuma tafkin Ɗan Dutsi, wajen Bagaruwa, wanda ya cika a daminar 1974 bayan babban fari. Tsuntsaye na zuwa can daga nesa lokacin ɗari. A 2005 aka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ta amince a kiyaye.

Baƙi sun yi ƙaranci a shekarun nan saboda rashin tsaro. Amma idan hanya ta yi lafiya, wata rana wani zai zo da kuɗi ya ce zai gina masauki a bakin ruwan nan. To, wane irin gini za a yarda masa?

Mai son amsa ya tashi daga Ƙonni, ya karya kwana a Tsarnawa, ya bi hanyar Tawa zuwa ƙasar Badagishiri, cikin gundumar Illela. Nan garin Yama yake. A 1962 mutanen Yama suka tashi gina masallacin Juma'a. Suka ba Falke Barmu aikin, magini ne kuma manomi. Ba a ɗauko kaya daga nesa ba. Wasu suka yi tubali, wasu suka jawo ruwa, wasu suka saro itace. A 1975 ya sake rufin, ya ɗaura bakan gizo da damman sanduna, ya lulluɓe da ƙasa. Daga baya ya tada hasumiya huɗu, kowace da kamarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. Daga nesa launinsa ɗaya da gidajen gari da rumbunansu. Da rana tsaka cikinsa da sanyi, abin da ɗakin kwano ba ya ba mutum a watan bazara.

Kada a ce wannan aikin mutanen da ne. A Dandaji, a 2018, mata biyu masu zanen gini, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, sun gama sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000. Da jar ƙasar wurin aka yi bulonsa, aka matse da inji. Tsohon masallacin ba a rushe shi ba. Magina sun gyara shi, ya zama ɗakin karatu.

Siminti ba abin ƙi ba ne, ga masana'antarsa nan Malbaza. Yana da amfani a tushen gini da bakin rijiya da masai. Amma bango da rufi, ƙasa ta isa, kuma kuɗin aiki ya tsaya hannun maginan gari.

Sauran magana ta fili ce, ita ce kuma mai nauyi. Gefen tafki ba kango ba ne. Inda ruwa ya janye, nan ake shuka rogo da wake da albasa. Nan masunta ke ɗaure jiragensu. Nan burtali ke sauka zuwa mashaya. Masaukin da ya ja katanga har bakin ruwa ya toshe wa shanu hanya, sai su bi ta gona, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Wurin da ya dace shi ne kan tudu ko fako, inda ba a noma, inda ambaliya ba ta kai. Ɗakuna su zama ƙanana, kada su fi itacen gawo tsawo. Masai ya yi nesa da tafki, don mutane da dabbobi daga nan suke sha.

Kafin kowa ya sa hannu a takardar fili, hakimi da ardo da sarkin ruwa da matan da ke lambu su taka wurin tare da hukumar filaye ta gari, a kafa duwatsu a iyakar burtali.