Gidan Wuta Na Kurra

A cikin littattafan Turanci da mu ke koyar da yara akan sami hoton wata doguwar hasumiya tsaye a tsakiyar teku, da fitila a bisa kanta. Mu mutanen Jos, da mu ke zaune kan tudu wajen ƙafa 4,000 bisa teku, wannan hoto ba ya gaya mana kome. Yaro ya haddace sunanta, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma fa akwai labari bayan hoton, kuma muna da ɗan'uwansa nan kusa da mu. Shi na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

Bari in fara da na Turawa. Gabas da ƙasar Sikotlan, mil 11 daga gaɓa, akwai wani dutse cikin teku ana ce da shi Bell Rock. In ruwa ya cika sai ya rufe shi ruf, jirage su zo da dare su yi karo da shi su nutse. Cikin 1807 wani injiniya, Robert Stevenson, ya kama gina hasumiya a kansa. Magina ba su samun aiki sai sa'ad da ruwa ya janye, watau 'yan sa'o'i kaɗan a yini. Aka gama ginin cikin 1810, aka kunna fitila cikin 1811, har yau kuwa hasumiyar tana nan tsaye. Masu tsaron irin waɗannan fitilu su kan yi makonni ba su sa iyalinsu a ido ba. A tsibiran Flannan, cikin Disamba 1900, jirgi ya zo da mai canji, ya tarar ba kowa a hasumiya. Mutum uku sun ɓace, ba a ƙara ganinsu ba. Cikin 1998 aka sallami masu tsaro na ƙarshe a ƙasar, yanzu fitilun da kansu su ke kunnuwa. Duk da haka mutanen ƙasar ba su yar da labarin ba, har sun mai da tsohuwar hasumiyar Kinnaird Head gidan tarihi.

To, mu ba mu da teku, amma muna da wani gida can nesa da gari wanda aikinsa ba da haske. Shi ne gidan wuta na Kurra, kudu da Jos, a ƙasar Barikin Ladi.

Asalinsa kuza ce. Tun Turawa ba su zo ba Hausawa suna narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, fatake suna kai ta kasuwanni. Wannan dalma ce ta jawo hankalin Kamfanin Neja, ya aiko masu bincike cikin 1902, ba da daɗewa ba aka kafa sansani a Naraguta. Da fari da diga da shebur da kwano a ke aikin, 'yan dako kuma su ɗauki kuza a ka. Cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, babban kuma ya hawo ta Kafanchan cikin 1927. Amma da ramuka suka yi zurfi sai ƙarfin mutum ya kasa. Ana bukatar famfuna da manyan injuna, ga itace ya yi ƙaranci a tudun, gawayin Inugu kuwa kawo shi da tsada.

Sai masu ilmi suka duba suka ga abin da Allah ya hore wa ƙasar. Ruwan sama ya kan zuba a Filato tun daga Afrilu har Oktoba, sa'an nan ya gangara ya faɗa daga bakin tudu zuwa ƙasa. Aka fara gwadawa a Kwall a farkon shekarun 1920. Cikin 1929 kamfanin NESCO ya kama aiki a Kurra, daga baya ya ƙara waɗansu tashoshi a Jekko. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A tare ruwan damina a madatsa, a ja shi ta magudana har bakin gangare, a zuba shi cikin manyan bututu na ƙarfe. Nauyinsa da saurinsa su juya injin da ke ƙasa, injin ya haifi lantarki, waya ta ɗauka zuwa Bukuru da filayen kuza. Kun ga ke nan an yi wajen shekara 40 ana samun wuta daga ruwa a nan kafin a gama madatsar Kainji cikin 1968.

Na taɓa zuwa wurin da rani tare da waɗansu abokai. Hanya ta bi ta tsakanin duwatsu da gonakin dankali da rugage, har muka ga tafki shimfiɗe, shiru kamar ba a taɓa aiki a wurin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ma'aikaci da muka tarar, dattijo, yana zagaya injin yana kasa kunne. Ya ce da mu shi da jin ƙara ya kan san ko injin yana lafiya. Na tambaye shi ko kaɗaici ba ya damunsa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, in na yi barci gari ya yi duhu. Wa zai tuna da ni sai ran da wuta ta ɗauke?" Da na dawo na sake karanta labarin masu tsaron fitilun Sikotlan, sai na ga ai mutum ɗaya ne, sai dai shi ruwansa daga sama ya ke faɗowa.

Akwai kuma wani gefe na labarin, mai ɗaci. Cikin 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ga yaƙi ya yi zafi. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa aikin tilas, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su Filato, waɗansu ramin kuza, waɗansu ginin madatsar Tenti, wadda ke tara ruwa domin injunan wuta. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka ajiye su kan tudu mai sanyi, ba isasshen mayafi, ba isasshen abinci. Da yawa ciwon haƙarƙari da zawo suka kashe su. Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu wanda aka ɗebo daga ƙasar Sakkwato a wannan zamani, bai koma ba. In hunturu ya kama, ya kan zauna bakin murhu ya ce mu ba mu san sanyi ba, su da suka kwana da buhu a jiki su suka san shi. Allah Sarki! A lokacin dariya mu ke yi.

Kasuwar kuza ta faɗi cikin 1985, manyan kamfanoni suka watse. Suka bar mana ɗaruruwan kududdufai, waɗansu manoma na ban ruwan kabeji da tumatir da su, waɗansu kuwa suna cin yara da dabbobi. Duk yaron da za mu koyar a wannan jiha ya san irin waɗannan ramuka, amma kaɗan ne za su iya gaya maka wanda ya haƙa su, da dalili. Ni dai tun daga firamare har na shigo wannan kwaleji ban ji malami ya ambaci Kurra ko Tenti a aji ba.

Saboda haka ga shawarata. Kowannenmu in ya tafi hutu, ko gwajin koyarwa a ƙauye, ya tafi da littafi da alkalami. Ya nemi tsofaffin da suka yi aikin kuza ko na wuta, ko 'ya'yansu, ya gaishe su da ladabi, ya rubuta abin da suka faɗa, da sunan gari da shekara. In mun dawo mu haɗa, mu roƙi Edita ya ba mu fili a wannan mujalla. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa su ke yi. Sa'an nan ran da ka zo kan hoton hasumiyar nan a aji, ka gama bayaninta, sai ka rufe littafi ka tambayi yara daga ina wutar garinsu ta fara zuwa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a Tenti, ya sa mu zama malamai masu amfani ga ƙasarmu, amin.