Hasken da ke bayan ja da ciwon daji



Da yawanmu mun san wanda aka yanki 'yar tsokarsa a asibiti, aka ce ya koma gida sai sakamako ya fito. A wannan jiran ba a fara magani, kuma mai ƙullutu a mama ba ta san ko sankara ce ko wani abu mai sauƙi ba. Mu da muke zaman jinya ƙofar ɗakin gwaje-gwaje kawai muke gani. To me ake yi wa tsokar nan a ciki?

Ana jiƙa ta a ruwan fomalin don kada ta ruɓe, a daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, sannan a yayyanka ta siriri ƙwarai, kaurin da bai wuce kashi 4 ko 5 cikin dubu na milimita ba. Yanka mai wannan sirantaka kusan ba shi da launi, dole sai an rina shi. Rini biyu ake amfani da su tun ƙarni na 19: hematoksilin, wanda ke mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, da eyosin mai ba sauran jikin launin hoda. Daga nan ƙwararren likitan tsoka ya ɗora a madubin likita ya karanta siffar ƙwayoyin. Aiki ne na ido da gogewa, shi ya sa a wuri mai ruɗani likitoci biyu kan saɓa.

Sabuwar hanyar ta samo tushe daga 1800, lokacin da William Herschel ya raba hasken rana gida-gida kamar bakan gizo, ya bi kowane launi da ma'aunin zafi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido bai ganin komai, sai zafi ya ƙaru. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared.

Abin da ya fi burge mu shi ne dalilin da ya sa yake da amfani. Sinadaran da suka haɗa jikinmu ba a tsaye cik suke ba, kullum rawa suke, kuma kowanne da irin kiɗansa. Idan aka haska tsoka da infirared, kowane sinadari sai ya shanye ɓangaren hasken da ya dace da rawarsa. Furotin yana shan na wajen lamba 1650 a ma'aunin masanan, kitse wajen 1740, DNA da danginsa wajen 1080 da 1240. Na'urar tana bin tsokar ɗigo-ɗigo tana rubuta abin da kowane ɗigo ya sha. Ƙwayar daji, da yake hayayyafarta ta wuce kima, haɗin sinadaranta ya bambanta da na lafiyayya. Kwamfuta sai ta tattara bayanan ta zana taswira, ba tare da ɗigon rini ko ɗaya ba, tsokar kuma tana nan yadda take don wani gwajin.

A 2005 Rohit Bhargava da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa bincike a mujallar Nature Biotechnology, suka nuna ana iya rarrabe nau'o'in ƙwayoyin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta wannan hanya. A Bokum ta Jamus, ƙungiyar Klaus Gerwert ta duƙufa kan sankarar hanji. Babbar matsalar farko jinkiri ce, domin yanka ɗaya kan ci awanni. Wata irin leza da aka ƙirƙiro a 1994 ce ta zo ta mayar da awannin mintuna.

Sai dai kada mu yi saurin buga ganga. Gilashin da asibitoci ke ɗora tsoka a kai yana shanye mafi yawan hasken nan, sai an nemi faranti na musamman mai tsada. Kakin da aka daskarar da tsokar ma yana shan nasa rabon, ruwa ma haka. Hoton infirared kuma bai kai na madubin likita fitowa tar ba, saboda zangon hasken ya fi tsawo. Har yanzu aikin ya fi yawa a ɗakunan bincike.

Akwai kuma abin da masu cewa na'ura za ta kori likita suke mantawa. Kwamfutar daga likitocin tsoka take koyo. Su ke yi mata alama, nan daji ne, nan lafiya lau. In malamin ya kuskure, ɗalibar ma ta kuskure. Mu da sankarar mama da ta furostet suka fi addabar ƙasarmu, kuma ƙwararrun suka yi mana kaɗan, muna da tambayar da ta fi wannan: da tsokar su wa aka koya mata, kuma a wane irin ɗakin gwaji aka sarrafa ta? Tsokar da ta kwana a hanya daga ƙauye, ko ta daɗe a fomalin, sinadaranta sun riga sun canza kafin haske ya taɓa ta.