Godiya Daga Rumfar 'Yar Koli

Godiya ta tabbata ga Allah Mai kowa Mai komai, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya kuma sanya abincin wani a hannun wani. Bayan haka, akwai wani bashi da na daɗe ina ɗauke da shi, wanda kuɗi ba sa biyansa, yau nake son in rage. Sana'ata sayar da kayan hannu ce da tsofaffin kayan gida: jakunkunan fata, faya-fayi, ƙore, huluna, rinannen yadi, da tasoshi da akusa irin na ɗakin kakanninmu. Da su nake bin kasuwanni da wuraren baje koli. Bana Allah ya nufe ni da samun shago na kaina, tun daga nan mutane ke ta yi mini barka suna yabon ƙoƙarina. Na gode da yabon. Sai dai a duk abin da ke rataye a shagon nan ban saƙa ko zare ɗaya ba, ban jeme ko fata ɗaya ba. Masu aikin suna can cikin lunguna da ƙauyuka, kuma su ne suka riƙe ni lokacin da ba ni da jarin kirki. Ba zan kama sunan kowa ba don na san ba za su so ba, amma duk wanda ya ji zancensa zai gane kansa.

Zan fara da Baba, dattijon baduku na cikin birnin Kano, wanda ya fara ba ni kaya ban ajiye masa ko sisi ba. Ƙanwar mahaifiyata ce ta kai ni wurinsa bayan na fita takaba, ta ce, "Malam, ga 'yarka nan, an bar mata marayu, tana son ta kama sana'a." Bai nemi takarda ba, bai ce in kawo mai tsaya mini ba. Ya tambayi gidanmu, aka gaya masa, sai ya miƙa hannu ya sauko da gafaka da alabe da tumtum, ya ɗaure mini su a buhu, ya ce, "Je ki sayar, 'yata. Wanda ya shiga ki kawo mini kuɗina, wanda ya yi kwantai ki dawo mini da abina." A kan irin wannan magana wannan sana'a take tsaye, kuma wanda bai shiga cikinta ba ba zai san yawan dukiyar da ke yawo a kasuwanninmu ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba.

Baba bai tsaya a bashi ba, sai da ya koya mini abin da nake sayarwa. Yakan ɗauko fata ya ce in sunsuna, in murza da babban yatsa, in naɗe in sake. Wadda aka jeme da bagaruwa tana da nata ƙamshin, idan an naɗe ta tana komawa yadda take, ga taushi ga ƙarfi. Ta roba da ake shigowa da ita tana ƙyalli a ido, amma rana ɗaya mai zafi ta isa ta fara ɓarewa. Ya nuna mini jan launin da ake samu daga karan dafi, ya bayyana mini yadda majemi ke jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, ya tsoma a ruwan bagaruwa, ya shafa mai, ya shanya, kafin ta iso hannun baduku ya sa wuƙa da basilla. Daga bakinsa na fara jin cewa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka saye ta suna kiranta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Yau idan mai saye ya ce jakata ta yi tsada, ba na yin musu da shi, sai in ba shi wannan labari, sau da yawa kuma ciniki ya faɗa. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka masu yi maka abin da ka yi mini.

Ina gode wa marina, na Ƙofar Mata inda aka ce an fara rini tun 1498, da na ƙasar Kura masu turkuɗi da bugu. Su suka sa na daina jin kunyar yadi mai zuba. Wata baƙuwa ta taɓa dawo mini da mayafi tana faɗa wai ya ɓata mata wuya da shuɗi. Da na kai wa marinin ƙorafin sai ya ce, "Hajiya, ai shaidar ke nan. Buzaye don wannan shuɗin suke biyan kuɗi." Ya nuna mini karofi, da baba da toka da katsin da ake haɗawa, da yadda yadi ke fitowa kore-kore daga ramin sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Tun daga lokacin nakan gaya wa mai saye gaskiya kafin ya biya: wannan zai zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi.

Sai matan cikin gida masu ɗinkin hula da saƙar faifai, waɗanda yawancin masu sayen kayansu ba za su taɓa ganin fuskarsu ba. Hula kube ɗaya mai kyau tana cin makonni, ana ɗinka ta tsakanin girki da raino, da allura da idon da ke gajiya. Akwai lokacin da kasuwa ta tsaya cak a 2020, aka rufe gari saboda annobar korona, kuɗinsu yana hannuna a cikin kayan da ba su motsa ba. Na je ba su haƙuri gida gida. Babbarsu, wadda muke kira Inna, ta tare ni tun kafin in gama magana ta ce, "Ke ma ai ba ci kika yi ba. Bari gari ya buɗe." Ta kuma ɗebo mini gero a ƙwarya ta ce in kai wa yara. Ita da ke bina kuɗi ita ce ta ba ni hatsi. Ban san da bakin da zan gode wa wannan ba, sai dai in ce Allah ya saka da gidan Aljanna.

Ɓangaren tsofaffin kaya kuwa, malamina wani Alhaji ne mai rumfa a Kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Rumfarsa ƙarama ce, duhu a ciki, amma na sha ganin masu digiri sun tsuguna a bakinta suna tambaya. Shi ya koya mini raba tsohon kaya da wanda aka tsufar da shi jiya. Ya ajiye akusa biyu a gabana, duka baƙaƙe wuluk, ya ce in shafa cikinsu. Ɗaya ya bar mini baƙi a tafin hannu, don da hayaƙi da mai aka yi masa shekarun ƙarya. Ɗayan santsi ne kamar an goge shi, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya inda hannu ya saba kamawa, ga tsagar da aka ɗinke da waya. Ya ce, "Wannan ya ci tuwo." Haka ya kifa mini tasar Bida ya nuna mini sawun guduma a gindinta, babu biyu da suka yi daidai, alamar hannu ne ya ƙera. Ya zube mini anini da kwabo mai huji da sisi da sule, kuɗin da iyayenmu suka kashe kafin naira ta shigo a 1973, ya ware mini wanda ya yi yawa a gari da wanda ya yi wuya.

Babban alherin da Alhaji ya yi mini shi ne hana ni wani ciniki. Wani mutum ya zo mini da kan mutum-mutumi na yumɓu a naɗe cikin tsumma, ya ce tono shi aka yi, kuma yana da mai saye a waje, ni dai in ajiye masa in karɓi la'ada mai tsoka. Da na gaya wa Alhaji sai fuskarsa ta canza. Ya ce irin waɗannan ne ake haƙowa a ƙasar Nok da Kwatarkwashi ana fitarwa a ɓoye, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, fitar da su ƙasar waje kuma sai da izini. Aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta ambata. Ya ƙara da cewa ko babu doka, akwai abin da ba na rumfa ba ne. Idan aka kawo mini tsohon littafi rubutun hannu, in ba masu shi shawara su riƙe gadonsu, in kuwa ba za su iya adana shi ba su nemi Gidan Makama ko Arewa House a Kaduna. Na bi maganarsa, na mayar wa mutumin da kayansa, kuma har gobe a kan wannan ƙa'ida nake.

Dillaliyar unguwarmu, Yaya, ita ke shiga gidajen da ni ba zan iya shiga ba, ta fito mini da kumbo da fanteka da tasoshin da suka sauka daga jeren ɗaki. Ta ja kunnena tun farko cewa mace ba ta fitar da kayan ɗakinta don daɗi, galibi asibiti ne ko kuɗin makaranta, saboda haka kada in taya tayin wulaƙanci don na ga mai shi a matse. Na ga ranar wannan magana, domin gidajen da aka yi musu adalci su ne suke sake aiko mini.

A wuraren baje koli kuma na ga zumuncin da ban zata ba. A kasuwar duniya ta Kaduna a farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci saboda canjin kuɗi, masu saye suna zuwa suna so, babu tsaba a hannun kowa. Maƙwabcin rumfata, Banufe mai sayar da duwatsun wuya, shi ke da na'urar POS. Da kansa ya ce in riƙa turo masa masu sayena, da yamma mu yi lissafi, bai kuma cire ko kwabo ba. Wata Bayarabiya mai adire ita ke tsare mini rumfa idan na tafi salla, har ta sayar ta ajiye mini kuɗin a ƙulle. Matan Damagaram da Agadas da muka haɗu da su a baje kolin Kano da ke titin Gidan Zoo su suka koya mini jera kaya, babba a baya, ƙanana masu araha a gaba inda hannun yaro zai kai, suka kuma ba ni labarin SAFEM, baje kolin sana'o'in mata da ake yi a Yamai. Allah ya bar zumunci.

Ban manta da direbobin da suka ɗora mini ƙore a saman kaya don kada su fashe a hanyar Wudil ran Juma'a, ko Dambatta ran Lahadi, ko Maigatari ran Alhamis ba, da 'yan dakon da suka sauke su da hankali. Ban manta da matan adashenmu da suka bar mini ɗaukar farko na biya kuɗin rumfa ba, ko mahaifiyata da ta riƙe mini yara duk ranar da na kwana a hanya. Allah ya ba kowa ladansa.

Masu saye, ku ma kuna da kaso a godiyar nan, musamman waɗanda suka dawo, suka kawo 'yan'uwa, suka ɗauki hoton kayana suka yaɗa a WhatsApp ba tare da na roƙa ba. Amma tun da na samu kunnenku, bari in faɗi abin da ke damuna. Mutumin da zai shiga babban kanti ya biya farashin da aka manna bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya a kan faifan da wata tsohuwa ta kwana biyu tana saƙawa ya taya rabin kuɗi, ya juya baya yana jira a kira shi. Idan na sallama a haka, ragin ba a kaina yake ƙarewa ba, yana gangarawa har kan Inna. Wannan ne ya sa 'ya'yan dukawa da marina da yawa suke barin sana'ar gida su koma acaɓa, kuma ni ban ga laifinsu ba. A nawa ɓangaren, tun da shago ya tsaya na fara biyan masu aiki kuɗinsu a hannu ranar da na ɗauki kaya, kuma kowane kaya ina faɗin garin da ya fito.

Roƙona ga masu shirya baje koli shi ne su ware wa masu sana'ar hannu rumfuna masu sauƙin kuɗi, domin baduku ba zai iya biyan abin da kamfanin lemo ke biya ba. Kai kuma mai karatu, in ka tsaya a gaban rumfar ɗan koli a baje koli na gaba, ka tambaye shi wa ya yi kayan, kwana nawa ya ci, sa'an nan ka taya.