Bindiga Ɗaya Mai Yin Kome

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka, in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, ko ta amfani wani daga cikin masu karatu. Ni akawu ne a Karaye, amma asalina mutumin ƙasar Rogo ne, gidanmu kuwa gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai aka ɗauke aka kai makarantar mishan a Zariya, na komo da alƙalami a hannu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, bayan an gama girbi ƙanena ya zo mini daga Rogo, ya sayar da masara da waken soya, ya ce, "Yaya, kai ka yi karatu, ka zaɓa mini bindiga guda wadda za ta yi mini kome, in kori birai daga gona, in harbi zabo da makwarwa da kaka, in sami kirinjijiya a bakin dam da rani." Bai faɗi na huɗun ba, amma na gan shi a idonsa, gama duk wanda ke zaune kan iyakarmu da ƙasar Katsina da ta Kaduna ya san abin da ke hana mutane barci. Ya riga ya ƙulla a ransa irin wadda a ke ja ta ci harsashi biyar ko shida. Na ce masa ya kwana, sai da safe.

A daren nan na yi ta tuna marigayi mahaifinmu. Lokacin da a ke gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, ya yi gadi a zangon waɗansu Turawa ma'aikata. Ran Lahadi su kan fita fili da wani ƙarfe mai sifirin, wanda ke cilla ɗan faifai sama, su kuwa su harbe shi kafin ya faɗo. Baba ne mai ɗana musu ƙarfen. Da fari ya ɗauke su mahaukata, masu ɓarnar harsashi a kan abin da ba a ci. Da ya ga mutum guda ya farfasa ashirin a jere, sai ya sake tunani.

Daga baya na karanta asalin wasan. A dā tattabaru masu rai a ke saki daga akwati a harbe, har an yi haka a wasannin Olimfik na birnin Faris a 1900, kuma Ingila ba ta hana ba sai 1921. Wani mutumin Amurka, George Ligowsky, shi ya ƙago faifan a 1880, shi ya sa har yanzu a ke kiransa tattabarar yumɓu, ko da ya ke da kwalta da farar ƙasa a ke yinsa. Faɗinsa milimita 110, watau bai kai tafin hannun babba da yatsu ba. Akwai wasan da faifan ke gudu ya bar mai harbi, ana ce masa tirap, akwai wanda ya ke giftawa ta gabansa, ana ce masa sikit, akwai kuma wanda a ke kwaikwayon farauta sosai, wani faifan ya taso kamar makwarwa, wani ya mirgina a ƙasa kamar zomo. Ba na Turawa kaɗai ba ne, gama Sheikh Ahmed Al Maktoum na Dubai ya ci lambar zinariya da shi a 2004. Mai neman bindiga guda don waɗannan wasanni uku, tambayarsa ɗaya da ta ƙanena.

Baba ba shi da ƙarfe mai sifirin, sai ya koma ga sakaina. A bayan gari ya kan tsaya da tulin sakaina, ya cilla, yaro ya harba, harsashi biyu kacal a mako, gama harsashi kuɗi ne. 'Yan'uwana duka sun iya. Ni kuwa duk hutun makaranta sai in harba in kuskure, in koma gida da kumburarren kunci. Baffanmu ya kan ce, "Ku ƙyale akawu, bindigarsa tana aljihun riga." Ana dariya, ni ma ina yi, amma Allah ya san abin da ke zuciyata. Na yi shekara wajen goma sha biyar ina tsammanin boko ne ya kashe mini hannu.

Sai da na kai shekara talatin na gane dalili, a cikin wani littafi. Ashe kamar yadda mutum ya ke da hannun da ya fi ƙarfi, haka ya ke da idon da ke shugabancin gani. Ni na-dama ne a hannu, amma bahago ne a ido. In na ɗora bindiga a kafaɗar dama, idon hagu ne ke yin bara, harbin kuwa sai ya tafi gefe. Kowa na iya gwadawa yanzu: ka buɗe ido biyu, ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, sa'an nan ka rufe ido ɗaya, ka buɗe, ka rufe ɗayan. Idon da ya bar yatsa a kan abin, shi ne shugaba. Kumburin kunci kuwa, gindin bindigar Baba ya yi mini tsawo, don shi dogo ne, ni gajere. Na koma kafaɗar hagu, a harbi na huɗu na fasa sakaina. Baba bai ce kome ba, sai ya sunkuya ya tsinci gutsuren ya sa a aljihu.

Saboda haka abu na fari da na ke gaya wa mai zaɓen bindiga, kada ya tambayi sunan kamfani tukuna, ko Beretta ce ta Italiya ko Baikal ta Rasha. Ya ɗora ta a kafaɗa ido rufe, ya buɗe. In ya ga idonsa ya sauka daidai kan doron hancin ba tare da ya miƙa wuya ko ya ƙudundune ba, to, tasa ce.

Sa'an nan girman rami. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce lamba 12, ma'anar lambar kuwa, in aka raba dalma laba guda aka yi dunƙule 12 daidai wa daida, kowane ɗaya zai cika ramin. Don haka lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta, abin da ke rikita mutane da yawa. Lamba 12 na zaɓa wa ƙanena, don harsashinta ya fi samuwa, kuma iri iri ne, mai ƙananan ƙwayoyi na kurciya da hasbiya, matsakaici na zabo, manya na dinya. Amma a yi hattara, kada a haɗa harsashin lamba 20 da na 12 cikin jaka ɗaya. Ƙaramin ya kan zurma cikin hancin babbar ya maƙale, a sa wani a bayansa a harba, bindiga ta fashe.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda maharbanmu ba su cika lura da shi ba, shi ne tsukewar baki. Harsashin irin wannan bindiga ƙwayoyin dalma ne ɗaruruwa, suna fita suna bazuwa kamar an watsa gero. In bakin a sake ya ke, a nisan yadi 40 kamar kashi 40 cikin 100 ne za su faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30. In an tsuke shi sosai, sai su kai kashi 70. Ta Baba mai baki ɗaya ce, tsukakkiya ƙwarai, ta yi kyau ga agwagwar da ke nesa a kan ruwa. Amma makwarwar da ta tashi daga ƙarƙashin ƙafa, ko dai a kuskure ta, ko a mai da ita gashi da ƙashi, ba abin sa wa a miya. Nan ne mai baki biyu ta yi fice, ɗaya a sake don na kusa, ɗaya a tsuke don na nesa. Masu wasan faifai sun fi son wadda hancinta ɗaya ke bisa ɗaya, tsawon inci 28 ko 30, na zamani kuma har ana kwance musu baki a ɗaura wani. Tana da ɗan nauyi, amma nauyin nan shi ke shanye harbin da ta ke yi wa kafaɗa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa na fi son mai baki biyu a kan wadda ƙanena ke so. Ita karya ta a ke yi a tsakiya, in ka rataya ta a buɗe, kowa daga nesa ya ga ba kome a ciki. Mai cin biyar kuwa, ko mai ita wani lokaci ba ya tuna saura nawa. A lokacin kaka gonaki cike su ke da mata masu kala da yara masu kiwo, ƙwayar dalma kuwa tana iya tafiya fiye da yadi 200.

Ban raina adaka ba, ita ta ciyar da kakanninmu. Sai dai baƙin albarushi aka yi ta dominsa. Baffan nan namu mai yi mini ba'a ya taɓa kwance harsashin kanti ya zuba garinsa a adaka, don ta ƙara ƙarfi. Yatsunsa biyu suka tafi.

Da gari ya waye na gaya wa ƙanena duk wannan, kāna na zo ga abin da ba ya so ya ji. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba su kashi uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, da irin na farauta masu neman lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, da su adaka waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Agusta na 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka kafin ya taɓa kuɗinsa, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji inda magana ta tsaya, kada ya saurari dillalin da zai ce takarda za ta biyo baya. Lasin kuma na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. Shi ya sa da Baba ya rasu na ɗauki bindigarsa da hannuna na kai ajiya wurin hukuma, abin da ƙanena bai gama yafe mini ba har yau. Na tuna masa da maharba 16 mutanen Kano waɗanda aka kashe a Uromi, cikin jihar Edo, a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komowa gida yin salla, ba don kome ba sai don an ga bindigogin farauta a motarsu. In haka ta sami masu sana'a sanannu, ina ga wanda aka kama da bindiga ba takarda?

Game da aiki na huɗu, na ce masa gaskiya ban san bindigar farautar da za ta tsare gida daga masu zuwa su ashirin ba. Ya yi shiru, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "To, Yaya, kai kana Karaye, ni ne ke kwana a can." Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Kafin ya hau babur na sa shi ya nuna bishiyar kukar da ke bayan gida da yatsa, ya rufe ido ɗaya. Shi na-dama ne, hannu da ido, kamar Baba. Ya bar mini rabin kuɗin ajiya, ya ce zai sayi taki da sauran, in an yi shuka ma sake magana.

Ina so in ji ra'ayin sarakunan baka na ƙasar Rogo da Karaye, da malaman da ke karanta musu jaridar nan, a kan abin da ya kamata in gaya masa in ya komo. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawu Bahagon Ido,
Karaye.