Inda Kaska Ke Kwana

A ƙarshen shekarun 1980, ina saurayi ban daɗe da gama sakandare ba, na sami aikin wucin gadi da wani ayarin likitocin dabbobi a Zariya. Aikina neman kaska. Wadda ta riga ta maƙale a jikin saniya ba ta da wuyar samu, ko yaro ya ɗaga wutsiya zai gan ta. Abin da Likita, jagoranmu, yake son sani shi ne inda take zama kafin ta hau dabba: wane fili, wace ciyawa, wane wata. Yawancin irin kaskar da ke damun shanunmu a ƙasa suke cinye mafi tsawon rayuwarsu, kwanakin da suke yi a jikin dabba kaɗan ne. Don haka wanda bai san makwancinta ba, duk maganin da ya fesa wa garke rabin aiki ya yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Farin yadi mai gashi-gashi, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, an ɗaura shi a jikin sanda an sa igiya. Hantsaki. Ƙananan kwalabe da aka zuba wa sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Fensir, domin sifirit na wanke tawada, kuma takardar da ke ɗauke da sunan wuri da kwanan wata cikin kwalbar ake jefa ta. Mukan sa farin wando mu cusa ƙafarsa cikin safa, saboda duk abin da ya hau mu a gan shi tun bai kai ga fata ba. Sai mutum ya riƙe igiya ya ja yadin a kan ciyawa, ya yi taku ƙidayayye, ya tsaya, ya juya yadin ya duba.

Hikimar yadin ita ce wasu kaskoki kan hau kan tsinin ciyawa su miƙa ƙafafun gaba suna jira. A kan waɗannan ƙafafu akwai wata 'yar gaɓa da suke jin numfashin dabba da warinta da ɗuminta. Duk abin da ya goge su sai su kama. Da damina ta ja baya, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, idan muka dace da gurbin da uwa ta zuba ƙwai, sai mu tarar da yadin kamar an barbaɗa masa yaji. 'Ya'yan ne, masu ƙafa shida, ba su kai kan allura ba. Uwa ɗaya ta wata babbar kaska mai ado tana iya zuba ƙwai fiye da 10,000 a wuri guda sannan ta mutu. Wannan ne ya sa za ka ja yadi tsawon fili ka tashi a tutar babu, ka ƙara taku biyar ka kwashi ɗaruruwa.

Amma babbar kaskar kanta, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum, ba ta yarda da yadi ba. Ita ce wadda namijinta ke da zane mai ruwan lemo da baƙi a baya, ga dogon baki mai huda fata ya bar gyambo. Da faɗuwar ruwan farko, Mayu zuwa Yuli, za ka ga hantsar shanu da ƙirjinsu da 'ya'yan marainansu sun cika da ita, mu kuwa mu wuni muna jan yadi a makiyayar da shanun suka fito, kwalabenmu wayam.

A wata ruga ta wajen Giwa ne Ardo ya tsaya yana kallonmu, ya jingina da sandarsa, har muka gaji muka zo gaishe shi.

"Samari, me kuke sharewa a dajin nan tun safe?"

"Allah ya ja zamanin Ardo, kaska muke nema."

"Ai ba ta hawa ciyawa, wannan. A ƙasa take, ƙarƙashin ganye. Sai ta ji saniya ta fito da gudu. Ku bi yaron nan ya nuna muku inda ba ma kai shanu in ruwa ya sauka."

Daga wannan rana tsarin aikinmu ya sauya. Kafin mu sauke ko kwalba ɗaya daga mota, sai mun zauna da masu garke an sha nono an yi hira. Likita kan buɗe taswira a kan tabarma, su kuma su yi ta ambaton wurare da sunayen da babu su a takarda. Abin da na fahimta a hankali shi ne makiyayi yana ɗauke da taswirar kaska a kansa, domin ita ce taswirar wuraren da yake gudu. Ya san kurmin da in shanu suka shiga a farkon damina za su fito da ita. Ya san tsohon mashekarin da aka tashi daga kansa bara, wanda ba a komawa sai ya huta. Ya san gindin ɗorawar da shanu ke kwanciya da tsakar rana, da bakin mashaya inda garke bayan garke ke tsayawa, da gefen burtali inda ciyawa ta tsira daga kofato.

Duk waɗannan wurare abu biyu ne ya haɗa su, dabba na yawan tsayawa, kuma ƙasa na riƙe laima. Babban abokin gaban kaska bushewa ne. Ƙwanta da 'ya'yanta ba sa jure iskar hunturu a fili tsirara. Saboda haka tudun da rana ke duka, ko gonar da aka nome aka share, ba ka samun komai. Inda ganyen doka ya zube ya yi kauri, inda gamba ta yi duhu a gefen fadama, nan ne gidanta. Na koyi cusa hannu ƙarƙashin busasshen ganye in ji ko da sanyi. In da sanyi, mu kafa turke mu yi alama. Filin da wutar daji ta cinye kuwa yakan yaudari mutum: sama ta ƙone ƙurmus, amma wadda ta shige tsagar ƙasa ko gindin tushen ciyawa tana nan da ranta.

Da muka san wuraren, sai batun yadda za a fito da ita. A littafi, ana ajiye busasshiyar ƙanƙara a tsakiyar farin ƙyalle, hayaƙin da take fitarwa irin iskar da dabba ke fitarwa ce in ta yi numfashi, kaska ta ji ta taho. Samun wannan ƙanƙara da kai ta daji kafin ta ƙare aiki ne ja, saboda haka sau da yawa sai mu roƙi aron maraƙi. A cire masa kaska tas, a ɗaure shi a wurin, mu koma gefe mu zuba ido. Ban taɓa manta ganin farko da na yi musu suna fitowa daga ƙarƙashin ganye ba, suna nufar maraƙin kai tsaye, ba kwana ba waiwaye. Maza ke fara kamawa. In sun kwana biyu suna shan jini sai su riƙa fitar da wani wari da ke kiran sauran, maza da mata. Shi ya sa a garke ɗaya za ka ga saniya guda ta fi kowa kaya, an ce kaska raɓi mai jini, amma wannan har wanda 'yan'uwanta suka riga suka raɓa take bi.

Wani dattijo a wajen Kachia ya taɓa ce mini, "Ɗana, in kana son ganinta, duba tsakanin kofato da yamma kafin shanu su kwanta." Na duba, ga su nan jere. Shekaru bayan haka wani mai bincike Bafaranshe, Frédéric Stachurski, da ya yi aiki a cibiyar CIRDES ta Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ya bayyana abin dalla-dalla: a wajen kiwo kaskar tsakanin kofato take fara kamawa, sai dare ya yi saniya ta kwanta sannan ta koma hantsa da ƙirji. A kan haka ya gina dabarar ratsa shanu ta cikin ɗan kwarin ruwan magani da yamma, ƙafa kawai ke jiƙa, magani kaɗan ya wadatar. Na ji daɗin ganin an rubuta shi, na kuma so a ce dattijon nan yana raye aka karanta masa.

Ba wasa ne ya kai mu dajin ba. Wannan kaska ita ke tafe da kirci, ciwon fatar da ke sa bayan saniya ya yi ɓawo, nono ya ragu, fata ta lalace. Ita ke ɗauke da ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, wanda ke sa tunkiya ko akuya ta riƙa zagaye tana faɗuwa. Bakinta kan kashe kan nono, saniya mai huɗu ta koma mai biyu, maraƙi ya rame. Ƙananan kaskoki masu ruwan toka su ke kawo fitsarin jini. Har mutum bai tsira ba. A jikin wannan babbar kaska ne aka fara gano ƙwayar cutar Dugbe a Ibadan a 1964, sunan wata unguwa ta garin aka sa mata. Da muka nausa arewa, wajen Katsina, inda ƙasa ta fi bushewa, sai muka riƙa haɗuwa da Hyalomma mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe, ga sauri, 'ya'yanta kan rayu a jikin zomo da bushiya da tsuntsayen ƙasa irin su zabo. Ita ce ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango. Likita ya hana mu murƙushe ta da farce ko da wasa, kuma duk rugar da muka je sai ya roƙi matasan da ke cire kaska da hannu da sassafe su riƙa jefa ta wuta.

Kowace yamma sai mun tuɓe mun duba juna, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa. Wanda 'ya'yan suka samu yakan yi mako yana susa.

Yanzu in na bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa ina gane wasu wuraren, wasu kuwa sun ɓace. Burtalin da muka auna ya zama gonar masara. Kurmin ya tafi gawayi. Wasu dazuzzukan da muka kwana a cikinsu ba mai shigarsu yau saboda rashin tsaro, rugagen da suka ba mu nono sun watse. Ga kuma baƙuwa ta shigo. A 2007 aka ba da rahoton ganin Rhipicephalus microplus a Kwaddibuwa, kaskar da asalinta Asiya ne, ake kyautata zaton ta biyo shanun da aka shigo da su daga Burazil. Ta bazu zuwa Benin da Burkina Faso da Mali, an kuma tabbatar da ita a Najeriya. Tana korar 'yan'uwanta na gida, tana saurin gagarar magani, kuma nau'in fitsarin jinin da take kawowa ya fi kisa.

Ɗaliban da nake haɗuwa da su yanzu, da yawansu kara da mayanka suke zuwa tara kaska, ban kuma ga laifinsu ba, nan ne ƙafa ke iya kaiwa. Suna da na'urorin da ke gane jinsin kaska da cutar da ke cikinta, abin da mu ko a mafarki ba mu gani ba. Sai dai saniyar da ke tsaye a kara wataƙila daga Chadi ko Nijar aka loda ta, ta ratsa jihohi a bayan tirela. Kwalbar ɗalibin za ta faɗi wace kaska ce, ba za ta faɗi fadamar da ta fito ba, alhali makiyayin da zai kora shanu gobe da safe sunan fadamar yake bukata.